Nasiha Ga Samari Game Da Rayuwar Mai Gidan Mai A Ƙaramin Gari

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, samarin da kuka kai munzalin neman na kanku, Allah ya yi muku albarka. Na lura idan kuka zauna kuna zancen sana'o'in da ake arziki da su, ba a jimawa sai wani ya ambaci gidan mai, saura kuma su gyaɗa kai, domin abin da idonku ya saba gani shi ne yaron famfo da damin kuɗi har tafinsa ya kasa rufuwa, da motoci jere tun daga bakin famfo har kan kwalta, da maigidan zaune a inuwa yana jan carbi. To, da yake Allah ya nufe ni da zama kusa da masu wannan sana'a, musamman irin mutumin nan mai famfo uku ko huɗu a ƙaramin gari bakin hanya, wanda daga wannan ɗan fili yake ci da iyalinsa, ya tufatar da su, ya sa 'ya'yansa makaranta, na ga ya wajaba in bayyana muku yadda rayuwarsa take daga ciki, don mai niyyar shiga ya shiga da saninsa, wanda kuma Allah ya karkata shi ga wata sana'ar ya ɗebi abin da zai amfane shi.

A zamanin da, gidajen mai na kamfanonin Turawa ne, irin su Shell da BP da Mobil da Texaco da Total da Agip, ɗan ƙasa kuwa iyakarsa ya zama wakilinsu ko yaronsu. Bayan an kafa kamfanin mai na ƙasa, watau NNPC, a 1977, aka kuma buɗe matatar Kaduna a 1980, aka shimfiɗa bututu zuwa daffo-daffo a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, sai ƙofa ta buɗe wa 'yan kasuwa masu zaman kansu, waɗanda ƙungiyarsu ake kira IPMAN, har ya zama mutumin da ya fara da sayar da kananzir a durom, ko direban da ya tara abin hannunsa, yana iya neman lasisi ya kafa nasa gidan man a garinsu. Daga baya matatun suka yi ta lalacewa, ɓarayi suka yi ta fasa bututun, sai ya zama man da za a sha a ƙauyen Katsina ko na Jigawa, sai tanka ta ɗauko shi daga Legas ko Warri ko Fatakwal, tafiyar da daga Legas zuwa Kano kaɗai ta kai wajen kilomita 1,000.

Abin da nake so ku fara riƙewa, wanda kuma duk sauran maganata a kansa take rataye, shi ne mai gidan mai yana sayar da hajar da mai saye ba ya ganinta. Wanda ya je kasuwar hatsi yakan tsaya a kan ma'auni, ya ga an cika mudu har yana zuba, ya damƙi tsabar ya duba ko da tsakuwa a ciki. Amma shi mai yana kwance ne cikin tanki a ƙarƙashin ƙasa, daga nan ya biyo bututu, ya ratsa famfo, ya bi tiyo, ya faɗa cikin tankin mota, ba tare da idon mai kuɗin ya sauka a kan ko ɗigo ɗaya ba, iyakar abin da ya gani lambobi ne suna gudu a fuskar mita, mitar nan kuwa hannun ɗan Adam ne ya daidaita ta. Saboda haka cinikin nan gaba ɗayansa amana ce, kuma ba don wasa ba Allah Maɗaukakin Sarki ya saukar da sura guda mai ɗauke da sunan masu tauye mudu, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana, waɗanda Annabi Shu'aibu, aminci ya tabbata a gare shi, ya yi ta yi wa gargaɗi a kan awo da ma'auni har azaba ta auka musu.

Ku yi lissafi da kanku ku ga girman fitinar. Tanka matsakaiciya tana ɗaukar lita 33,000. In mutum ya sa aka taɓa masa famfo yadda zai riƙa rage rabin lita cikin kowace lita 10, kafin tankar ta ƙare ya ci wa mutane lita 1,650, ba wanda ya kama hannunsa, ba kuma mutum ɗaya da zai je ya nema wa gafara, domin haƙƙin ya warwatsu a kan dubban mutane, da ɗan acaɓa, da mai injin markaɗe, da manomin rani, da matafiyin da ba zai sake biyowa ta hanyar ba har abada. Gaskiya ne akwai hukuma mai sa ido, wadda a da ake kira DPR, tun 2021 kuma aikin ya koma hannun NMDPRA, ma'aikatanta sukan zo da gwangwanin awo, in sun sami famfo yana tauyewa su garƙame shi. Sai dai zuwansu jefi-jefi ne, alhali kuwa famfo kullum yana aiki.

A ƙaramin gari kuwa, tun kafin a je ga hisabin Lahira akwai na maƙwabta. Ɗan acaɓa ya san iyakar inda lita guda take kai shi, manomin rani ya san inda lita 10 take tsayawa a jikin jarkarsa, kuma waɗannan mutane su ne za ka haɗa sahu da su a masallaci, su ne za su zo sunan ɗanka, a cikin gidajensu ne ɗanka zai nemi aure. Ran da aka fara cewa a majalisa, “Litar wane ba ta cika,” to maganar ta zauna ke nan, ko da daga baya ya gyara famfon, ko da ya gina masallaci a gefen gidan man.

Na san wani dattijo a wani gari kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wanda ɗabi'arsa ce in ya fito daga sallar asuba ba ya komawa gida sai ya biya ta gidan mansa, ya ɗauki doguwar sandar awo, ya buɗe murfin kowane tanki, ya zura ta har ƙasa, ya zaro ya karkata ta ga hasken tocila ya karanta inda jiƙar ta tsaya, sannan ya gwama da lambar mita da abin da aka rubuta jiya a littafi. Ran da tanka ta iso kuwa, sai ya bar ta ta huta man ya kwanta, sannan ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya hau samanta da kansa, ya duba hatimin kowane ɗaki ko an taɓa, ya shafa wa bakin sanda wani magani mai sauya launi in ya gamu da ruwa, ya kuma sa a tsiyayo masa kaɗan a farar kwalba ya ɗaga ta ga rana, ya sansana. Direba yakan ƙosa ya ce, “Haba Alhaji, ka sallame ni mana, ina da nisa.” Shi kuwa sai ya ce, “Yi haƙuri, Malam direba, in ka tafi ni za a bari da mutanen gari.” Gaskiyarsa kuwa, domin a farkon 2022, da aka shigo ƙasar nan da wani fetur mai gauraye da sinadarin da ya wuce kima har injuna suka yi ta lalacewa, mai babur bai san sunan jirgin ruwan da ya kawo shi ba, wanda ya sani shi ne wanda ya zuba masa. Haka kuma kananzir ɗin da fetur ya taɓa, in mace ta zuba a risho ko fitila, wuta ce za ta tashi da ita da 'ya'yanta. Ashe algus a wannan sana'a yana iya zarce cin dukiya ya kai ga ɗaukar rai.

Sai batun damin kuɗin nan da yake ruɗin samari. Ku sani mafi yawansa uwar kuɗi ce, wadda gobe za a mayar daffo a sake ɗauko wani man, sau da yawa ma da kuɗin wasu a ciki, waɗanda suka zuba bisa ƙiradi a raba riba. Abin da yake na maigidan 'yan nairori ne a kan kowace lita, a ciki zai sayi man janareto, ya biya yara da maigadi, ya sabunta lasisi, ya gyara famfo, ya kuma ɗauki asarar abin da zafin rana ya sha da abin da ya ɓace a hanya. A 1975 gwamnati ta kafa wani asusu na biyan kuɗin dako don farashi ya daidaita tsakanin Kudu da Arewa, amma shekara da shekaru 'yan kasuwa suka yi ta kukan jinkirin biyansu. Farashin kansa kuwa ba a hannun maigidan yake ba. A watan Janairun 2012 an wayi gari lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, bayan zanga-zanga ta sauko 97. A 2016 ta koma 145. Ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, da aka yi shelar janye tallafi, litar da a hukumance ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Tankar da ake cikawa da wajen naira miliyan 6 sai ga shi tana neman fiye da miliyan 16. Wanda ya saba zura hannu cikin kuɗin ciniki don cefane da biki da ƙarin aure, ranar ya gane jarinsa bai isa ko rabin tanka ba. Ku duba bakin hanyoyinmu, za ku ga gidajen mai da yawa ciyawa ta rufe famfunansu, awaki suna kwana a inda motoci suke tsayawa. Don haka mai hankali yakan yanka wa kansa albashi kamar kowane ma'aikaci, abin da ya wuce nan haramiyarsa ne ko da maɓallin akwatin yana aljihunsa.

Jarrabawa mafi tsanani tana zuwa ne lokacin ƙarancin mai. A nan ne Shaiɗan yakan zo wa mutum da lissafi mai daɗi, ya ce masa, rufe famfo ka ce ya ƙare, in dare ya yi ka sayar wa 'yan bumburutu a jarkoki, ko masu tsallakawa da shi iyaka, ka ci ninki. Wannan shi ne ihtikari, watau ɓoye abin da jama'a suke matuƙar bukata don a tsananta musu, malamai kuwa ba su yi sassauci a kansa ba. Amma kada ku cakuɗa shi da wani abu daban: in farashin daffo ya tashi a fili, mutum ya ɗaga nasa gwargwadon abin da zai iya sake sayowa, wannan tsare jari ne, ba laifi. Laifin yana ga ƙarya da rufe ƙofa alhali tanki cike. Dattijon nan da na ambata, in aka shiga irin wannan hali, yakan tsaya da kansa a bakin famfo, ya ƙayyade wa kowane babur da kowace mota abin da za a zuba don ya game mutane, ya kuma rage wani abu a ƙasan tanki saboda wanda zai buga masa ƙofa da tsakar dare, mace tana naƙuda, asibiti kuma da nisa. Bai yi kuɗin da wasu suka yi a waɗannan makonni ba, amma da mai ya wadata, layin da ya watse daga gidajensu nasa ya dawo.

Bashi kuwa, a ƙaramin gari ba yadda za a yi mutum ya kauce masa. Manomi zai zo ya ce a zuba masa na injin ban-ruwa sai ya ɗebe tumatir. Direban kasuwa zai ce sai ya dawo daga lodi. Ɗan siyasa zai aiko da 'yar takarda lokacin yaƙin neman zaɓe a cika motoci goma. Ɗan'uwa kuma ba ya ma cewa komai, miƙo tanki kawai yake yi. Wanda ya hana kowa ya zama bare a garinsu, wanda ya ba kowa kuwa ya rufe kafin shekara ta zagayo. Mafita ita ce wadda Alƙur'ani ya nuna a ayarsa mafi tsawo, cikin Suratul Baƙara, watau a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, da ajalinsa. A rarrabe kuma tsakanin rance da kyauta: abin da ka san ba zai dawo ba, ka ba da shi sadaka daga aljihunka, ka sami lada, littafinka kuma ya zauna da gaskiya. Zakka ma tana bukatar wannan littafi, domin a mazhabar Imamu Malik irin wannan ɗan kasuwa mudiri ne, mai jujjuya haja kullum, wanda in shekara ta cika zai ƙimanta man da ke tanki, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran karɓa, ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Wanda bai san abin da ya mallaka ba, ta yaya zai san abin da Allah yake binsa?

Kada kuma a manta da yaran famfo. Yaron da yake wuni a tsaye yana shaƙar tururin fetur, dubban ɗaruruwa suna ratsa hannunsa, in albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ko kuwa ana riƙe masa shi wata biyu, maigidan ne da kansa ya koya masa ƙin mayar da mita sifiri kafin ya zuba wa na gaba. A biya shi a kan kari, a yi masa lissafi a gabansa, in ya daɗe a taimake shi ya kama tasa sana'ar, ko faci ne ko sayar da baƙin mai. A kuma hore shi a kan wuta: guga cike da yashi, abin kashe gobara mai aiki, kashe inji kafin a zuba, ba taba ba ashana. Ku kuma samari, ina gama ku da Allah, in tanka ta faɗi ku yi nesa da ita. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu wajen kwasar man da ya malala, ya ishi mai hankali wa'azi.

Yanzu mu shiga cikin gida, domin can ne ake sanin haƙiƙanin mutum. Wannan sana'a ba ta san Juma'a ba, ba ta san Salla ba, hasali ma ranar da kowa yake hutawa ita ce ranar cinikinta, saboda haka abu ne mai sauƙi mutum ya fita 'ya'yansa suna barci ya dawo suna barci, ya ɗauka tun da buhun shinkafa bai yanke ba ya sauke nauyi. Alhali kuwa ciyarwa ɓangare guda ce ta haƙƙin iyali, tarbiyya da zama da su da sauraron uwargida su ne sauran. Masu dabara a cikinsu sukan tsayar da wani lokaci, kamar tsakanin magariba da lisha, su bar amintaccen yaro a bakin famfo, su zo a ci tuwo tare, a duba allo da littafin boko, a ji wanda yake zazzaɓi da wanda malami ya kora. Ku kuma sani abin da mai saye ba ya gani, 'ya'yan gida suna gani. Yaron da ya ji mahaifinsa yana faɗa wa jama'a mai ya ƙare, da dare kuma ya riƙe masa tocila ana ɗura wa jarkoki, ya riga ya sami darasin da babu malamin Islamiyyar da zai goge masa shi. Wanda kuwa ya ga mahaifinsa ya tura babur a bi matafiyi da canjin da ya manta, shi ma ya sami nasa.

Daga cikin haƙƙin iyali har da shirya musu bayanka. Sau nawa maigida yake rasuwa a tarar komai a kansa yake, ba wanda ya san wa ake bi, wa yake bi, nawa ne na masu ƙiradi, ina takardar fili, ina lasisi. Kafin a gama rabon gado tanki ya bushe, abokan ciniki sun koma wani wuri, 'yan'uwa sun daina gaisawa. Maganin wannan shi ne tun da sauran ƙarfi mutum ya jawo 'ya'yansa, maza da mata, ya nuna musu littafi. Namijin ya fara daga riƙe tiyo da share fili kafin ya zauna a ofis, kada kuma wannan ya hana shi karatu, domin zamani yana juyawa, ga manoman rani sun fara komawa ga injin hasken rana, ga motoci ana mayar da su masu amfani da iskar gas, wanda bai yi ilmi ba ba zai san inda zai karkata ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi musamman a kan hukunce-hukuncen neman abinci, Tanbihus Sahib, don ya kwaɗaitar da jama'arsa ga sana'a da dogaro da kai; su magabatan nan ba su raba neman halali da ibada ba, ba su kuma yarda mutum ya shiga kasuwa bai san hukuncin saye da sayarwa ba.

Saboda haka, ya ku 'ya'yana, wanda yake son wannan sana'a a cikinku ya fara da yi wa wani aiki shekara biyu ko uku, ya san sanda da mita da littafi, ya zauna gaban malami ya karanci babin ciniki ko da a cikin Risala ne, sannan ya nemi jarin da ya san asalinsa. Wanda kuma ya zama tela, ko bakanike, ko mai sayar da magani, ko ma'aikacin ofis, ya bincika a cikin aikinsa ina ne wurin da mai hulɗa da shi ba ya iya gani, domin kowace sana'a tana da irin wannan wuri, a nan ne kuma ake gane ɗan halas. Ba na yi muku alkawarin wanda ya bi wannan hanya zai tara gidajen mai goma. Da yawansu da famfo huɗun nan suke tsufa. Amma sukan aurar da 'ya'yansu ba a yi musu gori ba, sukan yi barci ba fargabar wanda zai zo da gwangwanin awo, in kuma ajali ya zo, mutanen gari sukan ba da shaidar da ake fata. Allah ya ba ku sana'a mai albarka, ya tsare ku daga cin haƙƙin mutane, ya sa ku zama sanyin idon iyayenku, amin.